Umberto Eco: matarki ne da ya sa rigar mai labari, ko mai labari ne da ya daɗe yana ɓoyewa?

Abu Hafsat (mai kula da zaure): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya Malam Ɗan Damagaram ya jefo wata magana muka tashi muka bar ta a rataye. Cewa ya yi matarki, mai zama ya feɗe littafin wani, ba ya iya rubuta nasa, kuma ko ya iya ba zai yarda ba, don wanzami ba ya son jarfa. To yau ga mutum guda na kawo mu gwada maganar a kansa: Umberto Eco, ɗan Italiya. An haife shi ranar 5 ga Janairun 1932 a Alessandria, ya rasu ranar 19 ga Fabrairun 2016 a Milan yana da shekara 84. Mahaifinsa akanta ne, ya so ɗan ya karanta shari'a, shi kuwa ya tafi Jami'ar Turin ya yi falsafa, ya gama a 1954 da kundi a kan Toma Akwinas, babban malamin Katolika na ƙarni na 13, da yadda ya fahimci abin da ke sa abu ya zama kyakkyawa. Ya yi aiki a gidan talabijin na ƙasa, RAI, sannan ya zama edita a kamfanin ɗab'i na Bompiani daga 1959, daga baya farfesa a Jami'ar Bolonya. Fiye da shekara ashirin yana tarke da nazari, bai taɓa fitar da ƙagaggen labari ba. Sai 1980, yana da shekara 48, ya fito da Il nome della rosa, wato Sunan Furen Wardi. Bismillah, amma a yi da ladabi.

Na Zango: Alessandria kuma? Ashe Bamisire ne?

Abu Hafsat: A'a ƙanena, ba Iskandariya ta Masar ba. Wannan wani gari ne a lardin Piyemonte, arewa maso yammacin Italiya, tsakanin Turin da Milan da Jenowa.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Malam Abu Hafsat, na gode da ka zaɓo shi, domin shaidata ka kawo ba taka ba. Na karanta littafin da Faransanci ina ɗalibi. Ban musa ya sayu ba, ya ci kyautar Strega a Italiya a 1981, ya ci Médicis ta littattafan waje a Faransa a 1982, an fassara shi zuwa harsuna sama da arba'in. Amma ku duba abin da ke ciki. Gardamar malaman coci a kan ko Almasihu ya mallaki ko da tufafin jikinsa, rikicin Fafaroma Yohanna na 22 da sarki Ludwig na Bavariya, jerin ƙungiyoyin 'yan bidi'a na zamanin, dogayen layukan Latin da ba a ko fassara ba. Wannan ai lacca ce aka yafa mata mayafin labarin kisan kai. Farfesa ya ga ɗalibai suna gyangyaɗi a aji, sai ya jefa gawa a tsakiyar darasin don su farka.

Maman Ilham: Ni dai a shafi na sittin da wani abu na ajiye shi. Wani bayanin ƙofar coci ne da ya ƙi ƙarewa, dabbobi da mala'iku da dodanni shafi bayan shafi. Na ce Allah Ya ba masu haƙuri lada.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, kin faɗa ramin da ya haƙa da gangan. Shi da kansa ya ba da labari a ɗan littafin da ya rubuta a 1983 kan yadda ya yi aikin: abokansa da editoci sun ce ya rage shafuka ɗari na farko, sun yi nauyi. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce duk wanda zai shiga gidan zuhudu ya kwana bakwai a ciki dole ya koyi tafiyar mutanen gidan, wanda bai iya ba gara ya tsaya a gindin dutse. Shafukan nan kaffara ce ya ɗora wa mai karatu.

Amma bari in ba waɗanda ba su karanta ba hoton abin, don kada mu yi ta gardama a kan abin da rabin zaure bai gani ba. Ƙarshen Nuwamban 1327 ne, a wani gidan 'yan zuhudu da ke kan dutse a arewacin Italiya. Wani malami Bature ɗan Ingila, William na Baskerville, ya iso tare da almajirinsa Adso. Tun kafin su kai ƙofa suka haɗu da mutanen gidan a rikice suna neman wani abu. William bai tambaye su komai ba, ya ce musu dokin shugaban gidan ya bi ta hanya kaza, ya faɗi launinsa da tsayinsa, har sunansa. Bai taɓa ganin dokin ba. Sawun kofato a kan ƙanƙara ya karanta, da rassan da suka karye daidai wani tsayi, da gashin wutsiya da ya maƙale a ƙaya. Sunan kuma ya zato shi ne daga sanin irin littattafan da masu gidan suke karantawa.

Ɗan Damagaram, wannan shi ne ilimin da Eco ya koyar a Bolonya, ilimin alamomi, wanda ya rubuta masa babban littafi a 1975. Duk wanda ya taɓa ganin mai bin sawu a ƙauye ya durƙusa ya ce raƙumin nan yana ɗauke da kaya, kuma ƙafarsa ta hagu tana ciwo, ya san abin da ake nufi. A littafin 1975 sai ka sha wuya kafin ka gane. A shafi uku na labarin doki ka gane ka kuma yi murmushi. Wanne ya fi?

Ɗan Damagaram: Baba, Allah Ya ƙara girma, ai ka ƙarfafa ni ne. Ka ce darasin ne dai ya sake kawowa cikin sauƙi. Abin da nake faɗa ke nan.

Baba Mai Ritaya: Ban gama ba, ɗana. A ƙarshen littafin William ya gano mai laifin, amma ta hanyar kuskure. Ya ɗauka kashe-kashen suna bin wani tsari ne da ke cikin littafin Ru'ya ta Yohanna, ashe babu wani tsari, dacewa ce kawai, shi mai laifin ma daga baya ya ji zaton ya hau kai. Ɗakin littattafan kuma, mafi girma a duniyar Kiristanci a cikin labarin, ya ƙone ƙurmus saboda binciken nasa. Malamin da ke son tallata iliminsa ba ya rubuta labarin da ilimin ya kai mai shi ga toka. A nan nake ganin labarin ya faɗi abin da lacca ba ta iya faɗa, wato shakkar da malamin yake yi a kan sana'arsa.

Ɗalibar Adabi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman izini in koma baya kaɗan, don ni ba ta ƙofar labari na san shi ba, ta ƙofar tarke ce. A 1964 ya fitar da Apocalittici e integrati. Ya raba masana gida biyu game da talabijin da waƙoƙin zamani da littattafan zane na barkwanci. Kashi na farko masu kukan tashin duniya, da ke cewa al'ada ta mutu, jahilci ya ci gari, ba sa ko taɓa abin da suke zagi. Kashi na biyu 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa, komai ya fito sai su ce ci gaba ne. Shi ya ce duka biyun ragwanci ne, a zauna a karanta abin tukuna. Sai ya ɗauki Superman da Charlie Brown ya feɗe su da irin wuƙar da ake feɗe manyan mawaƙa. Abin da ya lura game da Superman ya burge ni: mutum mai ƙarfin da zai iya kawar da yunwa a duniya, amma kullum ɓarayin banki na unguwa yake kamawa, kuma kowane labari yana ƙarewa ba tare da wani abu ya sauya ba, don gobe a sake sayar da wani.

Tun kafin nan, a 1961, ya rubuta maƙala a kan Mike Bongiorno, mai gabatar da gasar kacici-kacici da duk Italiya ke kallo. Ya ce sirrin farin jininsa shi ne bai fi kowa komai ba, mai kallo ba ya jin an fi shi, don haka hankalinsa kwance.

Da nake karanta wannan sai na tuna rigimar da aka yi a jaridu a shekarun 1990 a kan littattafanmu na soyayya, lokacin da aka laƙaba musu adabin kasuwar Kano. Da yawa daga masu hukunci a ɓangarorin biyu ba su zauna sun bi zubi da tsarin littafi ko guda ba.

Maman Ilham: Ƙanwata, wannan kam kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Har yau a nan zauren akwai masu yi.

Abu Hafsat: Hajiya, ba kama suna. Mu koma Italiya.

Ɗan Damagaram: To madalla, a matsayin matarki ban da ja. Amma ga wata. A 1962 ya fitar da Opera aperta, Buɗaɗɗen Aiki, yana cewa aikin fasaha na zamani ba a rufe yake ba, mai karatu ko mai kiɗa shi ke ƙarasa shi. Ya kawo misalin James Joyce da irin kiɗan Stockhausen da Berio, inda marubucin kiɗan ke bar wa makaɗi zaɓin yadda zai jera sassan. Matasa suka ɗauka, har ya zama cikin jagororin ƙungiyar marubuta masu tawaye da aka kafa a Palermo a 1963, Gruppo 63. Shekara 28 bayan Opera aperta, a 1990, sai ga shi da wani littafin, I limiti dell'interpretazione, wai fassara tana da iyaka. Ya buɗe ƙofa yana saurayi, ya tsufa ya yi suna ya dawo da kwaɗo. Ko dai don yanzu littafinsa ake feɗewa? Wanzami da jarfa dai, kamar yadda na ce.

Ɗalibar Adabi: Yaya, a gafarce ni, ba na jin ya janye. Cewa ya yi ma'ana tana da yawa, bai ce kowace ma'ana daidai ce ba. Ya bambanta abu uku: nufin marubuci, nufin mai karatu, da nufin matanin kansa. Ba dole ka san abin da ke zuciyar marubuci ba, amma matanin yana iya ƙaryata ka. Misali nawa na kaina: idan ka tsinci wasiƙa tana cewa a aiko da buhun gero biyu kafin Juma'a, kana iya cewa yunwa ce, ko biki, ko bashi ake biya, ko ma zaurance ne tsakanin mutum biyu. Duk suna iya yiwuwa. Amma idan sauran wasiƙar tana maganar farashin tiya da kuɗin mota, ka dage cewa shirin juyin mulki ne, to kai ne ka zo da shi a aljihunka. A kan wannan suka kara da masanin falsafa na Amurka Richard Rorty a Kambirij a 1990, aka buga muhawarar a 1992.

Baba Mai Ritaya: Yarinyar nan Allah Ya yi miki albarka, misalinki kusan shi ne ƙashin bayan labarinsa na biyu, Il pendolo di Foucault, na 1988. Editoci uku ne a wani kamfanin ɗab'i a Milan, sun gaji da karanta shirmen masu ganin ƙungiyar asiri a bayan komai. Don wasa suka ce bari su ƙirƙiro nasu makircin da ya fi na kowa. Suna zuba tarkacen bayanai a kwamfuta tana haɗa musu, suna dariya. Masu imani da irin wannan suka ji labari suka gaskata, suka zo neman sirrin da babu shi, wasa ya zama jini. Takardar da aka gina komai a kanta kuwa, abokiyar zaman ɗaya daga cikinsu ta zauna ta duba da idon basira ta ce wannan ai jerin kayan wani ɗan kasuwa ne da zai kai wa masu saye. Ba wanda ya saurare ta.

Ku lura da shekarun: labarin a 1988, littafin iyakar fassara a 1990. Labarin ne ya riga nazarin. Ke nan ba darasi yake juyawa zuwa labari ba kullum, wani lokacin a cikin labarin yake gano darasin.

Na Zango: Kai, wannan ai WhatsApp ɗin gidanmu ne aka rubuta tun kafin a haife ni.

Mai Shagon Littafi: Tunda an zo nan, ku san ya zage mu kafin ya rasu. A watan Yunin 2015, ana ba shi digirin girmamawa a Turin, ya ce kafofin sada zumunta sun ba rundunonin wawaye damar magana, waɗanda a da sai a mashaya suke surutunsu a yi saurin rufe musu baki, yanzu kuwa muryarsu ɗaya da ta wanda ya ci kyautar Nobel. To mu da muke nan muna tattauna shi a waya, a wane layi muke?

Maman Ilham: Ka ga mutumin da ya yi wa masu kukan tashin duniya dariya a 1964 ya tsufa ya shiga sahunsu.

Ɗalibar Adabi: Anti, wannan kam ban da abin kare shi sosai. Sai dai in ce mutum ne da ya san yadda ake cusa wa jama'a ƙarya tun yana yaro. A maƙalarsa ta 1995 a kan alamomi 14 na farkisanci, wato mulkin kama-karya irin na Mussolini a Italiya, ya buɗe da labarin kansa: a 1942, yana ɗan shekara goma, ya ci gasar rubutu ta lardi a kan tambayar ko ya dace a mutu don ɗaukakar Mussolini, kuma amsar da ya bayar ita ce e. Labarinsa na 2010, Il cimitero di Praga, shi ma a kan maƙeran takardun jabu ne, da yadda aka ƙera takardar nan ta bogi da ake kira yarjejeniyar dattawan Sihiyona, mai iƙirarin wai Yahudawa sun ƙulla makircin mallakar duniya, wadda aka fara bugawa a Rasha a 1903, jaridar Times ta Landan ta tona asirinta a 1921, amma har gobe ana yawo da ita. Wanda ya shafe rayuwarsa yana bin sawun ƙarya, in ya ga injin da ke yaɗa ta cikin daƙiƙa, dole ya firgita.

Maman Ilham: Na ji. Amma ni ƙorafina na gaskiya ba wannan ba ne, kuma ba tsawon bayanin ƙofa ba ne. Na kalli fim ɗin 1986 wanda Sean Connery ya fito a William, na kuma tambayi waɗanda suka gama littafin. Mace guda ce tak a cikin labarin, 'yar ƙauye matalauciya da ke shigowa da dare tana ba da kanta don a ba ta kayan cikin shanu ta kai gida. Ba ta da suna. Ba a jin abin da take faɗa, don Adso bai iya harshenta ba. A littafin an tafi da ita za a ƙona a kan zargin maita, labari ya ci gaba da neman littafin Aristotil. Mutum ya zana taswirar gidan zuhudu, ya ƙirga matakan bene, ya zana fuskar kowane ɗan zuhudu kafin ya fara rubutu, amma bai samo wa yarinyar nan kalma ɗaya ba. A nan ne nake goyon bayan Ɗan Damagaram: kansa ya fi zuciyarsa aiki.

Baba Mai Ritaya: Za a ce miki da gangan ne, tsoho Adso ne ke ba da labarin, kuma abin da ya fi ci masa rai har tsufansa shi ne bai taɓa sanin sunan macen da ya so ba. Har wasu na ganin daga nan sunan littafin ya samo wani ɓangare na ma'anarsa. Amma ba zan yi miki gardama da ƙarfi ba, 'yata. A cikin labaransa bakwai, har zuwa Numero zero na 2015, da wuya ki nuna macen da ta tsaya da ƙafarta kamar yadda mazan suka tsaya. Wannan gurbi ne, kuma babba.

Abin da ya ba ni mamaki ni kuma, lokacin da na fara karantawa, shi ne na tarar da malamanmu a ciki. Da son yarinyar ya kama Adso, a ɗakin littattafan ya ci karo da bayanin ciwon so, ana kawo maganar Ibnu Hazmi da Ibnu Sina a kan alamominsa da maganinsa. Ba ado ba ne, tarihin ne haka: shi kansa Akwinas da Eco ya yi kundi a kansa, da sharhin Ibnu Rushdi a gefe ya karanta Aristotil, ko da yana yi masa raddi.

Ɗan Damagaram: Baba, zan sassauta amma ba zan sauka ba. Na yarda labarin doki da ƙonewar ɗakin littattafai aikin mai labari ne na gaske. Na yarda dabarar gubar ma ta yi: tsohon makaho Jorge ya shafa guba a gefen shafukan littafin Aristotil da ya ɓace, wanda ke magana a kan dariya, don ya san duk mai karatu sai ya lashi yatsa kafin ya buɗe shafin da ya manne. Tun ranar da na karanta wurin nan, in na kai yatsa baki zan buɗe tsohon littafi sai na tuna. Amma ga abin dariya: a cikin ɗan littafin 1983 da Baba ya ambata, Eco ya ce kamata ya yi marubuci ya mutu da zarar ya gama rubutu, don kada ya tare wa matani hanya. Kuma a ina ya faɗi haka? A cikin littafin da ya rubuta yana bayanin labarinsa! Matarkin bai iya yin shiru ba ko a kan ɗansa na cikinsa.

Mai Shagon Littafi: Shiru kam bai iya ba. Daga 1985 har ya rasu yana da shafi a mujallar L'Espresso, sunan shafin daga wani ɗan kwalin ashana ya samo shi, irin wanda ake buɗewa a yi ɗan rubutu a cikin murfinsa. Watanni kaɗan kafin rasuwarsa ma, da kamfanin Mondadori na iyalan Berlusconi, tsohon firaministan Italiya, ya sayi rukunin da Bompiani ke ciki, ya bar gidan da ya yi fiye da shekara hamsin tare da shi, suka kafa sabon kamfani, La nave di Teseo, yana da shekara 83, da kuɗin aljihunsa a ciki. Ni a nan ya fi burge ni, don na san abin da ake nufi da zuba kuɗi a harkar littafi. Littattafansa na gida kuma dubun dubata ne, na zamani an ba Jami'ar Bolonya, tsofaffin masu daraja suna ɗakin karatu na Braidense a Milan.

Abu Hafsat: Kuma ya bar wasiyya kada a shirya taro a kansa har shekara goma bayan rasuwarsa. Ban sani ba ko zauren waya yana cikin lissafi. Ɗalibar Adabi, ki tanadar mana bayani a kan ɗan littafinsa na 1977 na yadda ake rubuta kundin digiri, akwai masu buƙata a nan da yawa, sun san kansu.

Ɗalibar Adabi: In sha Allahu, Malam. Sai dai ku sani da katin rubutu da akwatin ajiye su yake koyarwa, ba kwamfuta.

Maman Ilham: Na tashi na lalubo nawa a ƙasan akwati, har takardar da na sa alama tana nan a wurin ƙofar cocin. Na yi niyyar in daure in haye shafi ɗarin nan in gani. Sai yanzu na koma sama na ga Ɗan Damagaram ya faɗi mai laifin, ya faɗi gubar, Baba kuma ya ƙone min ɗakin littattafan.

Na Zango: Anti ai kin ce kin kalli fim ɗin.

Maman Ilham: Barci ya ɗauke ni kafin ƙarshe.